Mussar Inna Zuwaira

"Aje gwangwanin nan, Safiyya."

Safiyya ta riga ta sa yatsa a zoben murfin. Ta juyo ta dubi gado. Inna Zuwaira, maƙwabciyarsu, ko kai ba ta iya ɗagawa tun da ciwo ya kwantar da ita, amma kunnenta garau yake.

"Inna, mussar ga ta tsufa. Abinci mai ruwa-ruwa ya fi mata, saboda ƙoda. Abin da na karanta ke nan, ba ga kasuwa na ji shi ba."

"Karatunki na da kyau, ɗiyata. To bayan raina wa za ya ƙetara Kwanni don mussa? Atiku?"

Atiku ɗanta ne, wanda ke cewa mussa da ɓera ta dace. Inna ce, lokacin da take fataucin atamfa tsallaken iyaka, ta saba wa dabbar da kifin gwangwani mai rubutun Faransanci, har 'yan unguwa suka sa mata suna Sefa, kuɗin can Nijar. Da ƙafa ta ƙi, sai ta aika Sakkwato aka kawo buhun busasshen abincin mussa, ƙwayoyi kamar wake, wanda zafin Illela ba ya lalatawa kuma kowa zai iya zubawa ya wuce. So take ta ga Sefa ta ci shi kafin ta tafi.

Sefa ta ƙi. Ta shinshina ta juya baya. Ta hau katanga ta sauko, ta kifar da kwano, ta bi tsakar gida tana kuka har muryarta ta dushe. Ta kuma daina kwanciya a ƙafafun Inna.

Safiyya ma ta kasa zama. Ta shiga gidansu ta fito, ta sake wa Sefa ruwan sha, ta matsar da kwanon inuwa, ta mayar da shi. Matan layi suna zaune a ƙofa suna tsinkar zogale.

"Mai difloma ta koma baiwar mussa," in ji ɗaya.

"Na koma. Mi ya ci miki?" Ta wuce ba ta rage tafiya ba.

A ɗaki ta tarar da hannun Inna yana lalube gefen katifa, inda babu kowa.

"Ta yi fushi da ni."

"Cokali guda na gwangwanin zan ba ta, Inna. Yanzu za ta dawo wurinki."

Tsohuwar ta daɗe tana neman numfashi. "In ta ɗanɗana, mun koma farko. Bar ta ta yi fushinta."

Da hantsi, ranar kasuwa, motocin albasa na ta gurnani a titi, Inna Zuwaira ta cika. Sefa ba ta zo ba.

Mata suka cika gidan da salati. Safiyya ta zame bayan ɗaki, idonta a bushe, gwangwanin a hannunta. Mai dokar ta tafi, kuma dabbar ta rame har ƙashin bayanta ya fito. Ta durƙusa ta kama zoben murfin.

Sai ta ji ƙaras. Shiru. Ƙaras kuma.

A bayan randa, Sefa ta karkatar da kai tana tauna da gefen da haƙora suka rage mata, a hankali, ƙwaya ɗaya-ɗaya. Safiyya ta zauna a ƙasa, ta jawo kwanon ruwa kusa da ita.