Lomar Bankwana

Yau kumburin ƙafar Jisha ya kai takalmi ya ƙi shiga, dole ta zo walimar bankwananta da silifas, ta ja siket ta rufe. An jera ganyen ayaba a rumfar ajiye kwale-kwale da ke bakin tafkin Punnamada, an zuba shinkafa da miyar kifi mai kwakwa, ƙamshi har tsallaken ruwa. Su uku ne ke barin ƙungiyar tseren kwale-kwale a ranar, kowacce da furanni a wuya. Binsi aure za ta yi, ɗayar ta samu aiki a jirgin ƙasa. Ita kuwa Jisha, Koci Tomican, mai horar da su, ya ce a faɗa wa mutane ciwon baya ne.

Ciwon baya, wai! Likita bai ɓoye mata ba, ƙodarta ce ta gaji. Shekara da shekaru tana tuƙi a ajin marasa nauyi, inda sai sikeli ya yarda da ke kafin ki taɓa ruwa. Duk jajibirin awo, Koci kan danƙa mata 'yan ƙwayoyi farare a tafin hannu, ta wuni tana fitsari har jiki ya bushe, ta yi gudu cikin rigar leda, ta tofar da yawu a kwalba. Lambobin yabo kam ta ciyo su, suna nan rataye a ɗakin babanta.

Da safe Koci ya tare ta a bakin ƙofa, yana murmushi. "Nitu ƙanwarki na ba wa kujerarki ta kwale-kwale. Ki kama bakinki, mu rabu lafiya."

*

"Ku ci mana, 'yan wahala!" in ji Binsi, baki cike. "Ni dai daga yau ni da sikeli mun raba gari. Ango ya faɗaɗa ƙofa kawai, don ƙiba zan yi ta rashin mutunci."

Aka kwashe da dariya. Amma waɗanda ba tafiya za su yi ba, juya shinkafar kawai suke da yatsu, domin gobe da sassafe akwai awo. Jisha ta dubi Nitu da ke can gefe. Leɓɓan yarinyar sun tsattsage, idanunta sun faɗa, ko ƙoƙon ruwan gabanta ba ta taɓa ba. Jisha ta san wannan fuskar sarai, ita ta daɗe tana gani a madubi.

Babansu Kunjumon kuwa ba ya ganin komai sai daɗi. Mai fito ne, kuma babu fasinjan da zai shiga jirginsa ya sauka bai ji labarin 'ya'yansa ba. Ya sha sabuwar riga fara, yana ta zagaya baƙi.

"Babba ta sauka, ƙarama ta hau! Kujerar nan ba ta barin gidana, ko ba haka ba, Malam?"

"Haka ne, Baba," in ji Koci, idonsa a kan Jisha.

Al'adar ƙungiyar ce, mai tafiya ta dunƙula loma ta sa wa magajiyarta a baki, sannan ta miƙa mata filafilinta na tuƙi. Binsi ta yi nata, aka tafa. Ta biyun ma ta yi. Sai aka kira Jisha.

Ta miƙe da ƙyar, filafili a hannun hagu. Ta dunƙula loma, ba 'yar ƙarama ta al'ada ba, babba, ta tsoma a miya. Nitu ta buɗe baki tana murmushi, ta karɓa, ta miƙo hannu. Jisha ba ta saki filafilin ba. Ta ga inda lomar ta maƙale a kunci. Tsohuwar dabara ce, a riƙe har a gama tafi, a je a tofar.

"Haɗiye," ta ce.

Mutane suka yi dariya, sun ɗauka wasan 'yan'uwa ne.

"Yaya, mutane na kallo," Nitu ta faɗa a ƙasa-ƙasa, bakinta a cushe.

"Su kalla. Yaushe rabonki da ruwa?"

Dariyar ta fara mutuwa. Koci ya matso, yana gyara agogon hannunsa. "Jisha, ba ta kayanta, baƙi na jira."

"Malam, ka ba ta ne? Fararen ƙwayoyin nan, ka fara ba ta?"

Sauran 'yan matan duk suka sunkuyar da kai. Jisha ta ji kamar ta ɗaga siket ɗin kawai, kowa ya ga ƙafar, a san wane irin ciwon baya ne. Hannunta ya kai ga siket ɗin. Sai ta haɗa ido da babanta, yana tsaye baki buɗe, bai fahimci komai ba sai dai ana neman kunyata shi a gaban jama'a.

"Ke Jisha!" ya daka mata tsawa. "Baƙin ciki kike yi wa ƙanwarki? Ke kin ci zamaninki, ita ba za ta ci ba?"

Ba tsawar ce ta karya ta ba. Idon Nitu ne, ya ciko da hawaye yana roƙonta. Yarinyar ta rufe ido, ta haɗiye lomar da ƙyar, ta buɗe baki ta nuna babu komai.

"Ga shi na haɗiye, Yaya. Don Allah."

Jisha ta saki filafilin. Koci ne ya fara tafi, sauran suka bi da ƙarfi fiye da yadda ya kamata.

*

Da aka watse, rana ta yi sanyi, Jisha ta ja ƙafa ta zagaya bayan rumfar neman ƙanwarta. Ko ba a gaban mutane ba, sai ta nuna mata ƙafar nan, sai ta faɗa mata abin da likita ya ce.

Ta same ta durƙushe a ƙarshen katakon da ake takawa a shiga kwale-kwale, yatsu biyu a maƙogwaro. Har ta gama. Nitu ta goge baki da bayan hannu, ta juyo ba tare da ta razana ba.

Jisha ta ɗaga siket ɗin. "Dubi nan. Ƙoda ce, ba baya ba."

Nitu ta dubi ƙafar, ta daɗe tana dubawa. "Na sani, Yaya. Ɗaki ɗaya muke kwana." Ta miƙe tana karkaɗe gwiwa. "Gobe kawai. In na wuce awon gobe zan daina."

Haka Jisha ma ta riƙa cewa.

Daga can bakin ruwa babansu ke ƙwala musu kira su zo a tafi, ya saɓa filafilin a kafaɗa yana nuna wa masu wucewa. Nitu ta ruga wurinsa. Jisha ta tsaya ita kaɗai, furanni a wuya, tana kallon ruwan ƙarƙashin katakon, inda ƙananan kifaye suka taru suna wawason lomar.