Makullinmu Guda Ɗaya

Ni kafinta ne, karatuna a aji shida na firamare ya tsaya. Matata kuwa tana kwaleji, tana koyon aikin malanta. Tun watan da muka tare makullin ɗakinmu guda ɗaya ne, don na biyun ya faɗa kwata. Kullum ina cewa gobe zan kai a yanko wani, ga shi har an shekara biyu. Wanda zai riga dawowa gida shi ke riƙewa, ɗayan kuma ya danna kwaɗo ya tafi.

Ranar Laraba za a zo daga kwalejinsu a duba yadda take koyarwa a makarantar da aka tura ta. Bara ta faɗi wannan gwajin. In ta sake faɗuwa bana, sallamarta za a yi. Darasin da aka ba ta na Turanci ne: yadda kalmar aikatau take canzawa in mai aikin mutum ɗaya ne, ko kuwa suna da yawa.

Ranar Litinin da yamma, ina wanke ƙurar katako daga hannuna, ta ce, "Maigida, zo ka zama ɗalibina. In kai ka gane, kowa ma zai gane."

Na ce, "Wannan yabo ne ko zagi?"

"Zauna dai."

Na ɗauko wani faffaɗan katako da na shafa wa baƙin fenti, na jingina mata shi a bango, na kife bokiti na zauna. Ta karanto dokar daga littafi tiryan-tiryan, sau biyu. Na yi ta gyaɗa kai, don ban so in kashe mata gwiwa. Sai ta rubuta The boy a sama, The boys a ƙasa, ta miƙo min alli ta ce in ƙarasa kowanne da run.

Na ɗauki lokacina, kamar yadda nake yi kafin in yanka katako. Na rubuta: The boy run. The boys runs.

Ta dafa ƙugu. "Me ya sa?"

"Malama, ba ke kika ce s alamar yawa ce ba? Yara suna da yawa, gudun ma sai ya yi yawa. Ko da Hausa ai yaro ya gudu, yara sun gudu, kowa da danginsa."

Ba ta yi dariya ba. Ta zauna a bakin gado, allin yana hannunta. Ta ce bara haka yara arba'in suka yi mata a gaban mai duba malamai. Ita kuma sai ta dinga maimaita dokar tana ƙara ɗaga murya har aka kaɗa ƙararrawa.

Da ta ɗan huce ta tashi ta goge, ta gyara: The boy runs. The boys run.

Na zuba wa allon ido yadda nake kallon ƙofar da ta ƙi rufuwa. Can na ce, "Wai s ɗin nan guda ɗaya ce a gidan?"

"Kamar yaya?"

"Ga ta a sama tana wajen gudu, yaro ba shi da ita. A ƙasa yara sun karɓe, gudu ya tashi hannu wofi. Irin makullinmu ne. In yana wajenki, ba ya wajena."

Ta dubi allon, ta dube ni, ta dubi ƙusar da muke rataye makullin. Sai ta rubuto wasu jimloli guda biyar. Na ci huɗu. Na ƙarshen The carpenter ne, ta ce in haɗa shi da forget, wato mantuwa. Na rubuta forgets.

Ta ce, "Wannan kam daidai ne ta kowace fuska."

Ranar Laraba ta fita da sassafe. Na danna kwaɗo na tafi shago. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na koma gida ɗauko ƙaramin zartona, na laluba aljihu, babu makulli. Na leƙa ta taga, ƙusar ma wayam. Sai na kama hanyar makarantar a hankali.

Ban shiga ba, na tsaya a bakin tagar baya. Mai duba malamai, wata dattijuwa mai tabarau, tana zaune a kujerar ƙarshe da takarda a cinyarta. A gaban aji yara biyu suna tsaye, ɗaya ya ɗaga kwali mai boy, ɗaya mai run. Makullinmu kuwa an ɗaura masa ɗan kati an rubuta s. Matata ta ce, "Wa ke riƙe da makulli?" Ajin ya amsa gaba ɗaya. Makullin ya yi ta yawo daga wannan hannu zuwa wancan, yara suna rububin fitowa.

Sai wata yarinya mai wushirya ta ɗaga hannu. "Malama, to The children play fa? Ai nan babu mai makulli."

Dattijuwar ta daina rubutu. Na ga matata ta damƙe alli, idonta ya kai kan littafin da ke bisa tebur.

Ba ta taɓa littafin ba. Ta ce wa yarinyar, "Ku nawa ne a gidanku?"

"Mu tara."

"An taɓa kulle gidanku da rana?"

"A'a, kullum da mutum a ciki."

"To haka children suke. Yawansu a cikin sunansu yake, kamar men da women, ba sa yawo da makulli. Shi kuma aikatau ba ya karɓar makulli sai in mai aikin mutum ɗaya ne. Zo ki rubuta mana The child, ki ƙarasa."

Yarinyar ta rubuta plays, ta ja wa s ɗin layi a ƙasa.

Bayan an tashi, dattijuwar ta sa hannu a takarda ta nuna wa matata. Ban ga abin da aka rubuta ba, amma na ga kafaɗun matata sun sauka. Dattijuwar ta ce, "Kin wuce. Gobe dai ki gaya musu I da you, su ma makullin ba ya aiki a ƙofarsu." Sai ta nuna ni da bironta. "Wancan ɗalibin na bakin taga fa, ya makara ne?"

"Maigidana ne, makullinsa ya biyo."

A hanya na ce, "Yau dai zan tsaya a yanko mana na biyu."

Ta kwance katin, ta sa min makullin a tafin hannu. "Ka bari tukuna. Akwai sauran aji biyu da ban koya musu ba."

Na ce to. Dama ni ba gaggawa nake yi ba.