Hoton Hasiya da Ɗanta

A shekarar 1998 Ma'azu mai hoto ya kawo ordinater, wato kwamfuta, shagonsa na Tawa. Hasiya ta taso daga Bambeye da tsohon hoton ɗanta Hashimu, wanda ya rasu a Abijan. Ba su taɓa yin hoto tare ba.

Ma'azu ya ɗauke ta hoto a zaune, ya yi ta danne-danne, sai ga hoto ya fito, Hashimu tsaye bayanta, hannunsa bisa kafaɗarta.

Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Na tuna ranan nan. Hannunshi da sanyi."

"Inna, ai yanzu na haɗa shi."

Ta rungume hoton ta fita. Ma'azu ya lulluɓe na'urar da zane, ya koma bakin ƙofa ya zauna.