Tsinin da Ba Wurinsa Ba

Lydia ta sake goge gilashin odinater, wato kwamfuta, da bakin mayafinta, sai ka ce ƙura ce ta jawo mata bala'in. Tsinin yana nan a tsakiyar zanen sakamakon gwajin, ja wur.

Shekara shida tana gwaje-gwaje a labon kamfanin uraniyom, ta san ma'anar jan nan sarai. Na'urar da ke gwada kananzir ɗin masana'anta tana da iyakar da ake sa mata. Abin da ya faɗa bayan iyakar ba ya ɓacewa, naɗowa yake yi ya sauka inda ba wurinsa ba, kamar an ninke takarda tawada ba ta bushe ba. Shi ya sa odinater ke shafa masa ja, don kada a ɗauke shi da gaske.

To, jiya sauri take yi. Ta ƙuntata iyakar, ta buga zanen da injin da jar tawadarsa ta ƙare tun da tawaye ya tsare hanyar Agadas, ta miƙa ko dubawa ba ta yi ba. A takarda komai baƙi ne. Shugaban labo, Malam Muktari, ya ga tsini inda kananzir mai kyau ba shi da shi, ya ce an surka man a hanya. Direban da ya kawo tankar man kuwa Amumun ne, Ba'abzine. A shekara irin wannan, in aka ce Ba'abzine ya rage mai, ba mai tambayar wa ya ba, kowa zai ce 'yan'uwansa 'yan tawaye ne. An riga an kira jandarma.

In ta faɗi gaskiya, aikinta na iya tafiya. Ana ta rage ma'aikata, kuma mijinta Bulus wata huɗu ke nan yana zaune a gida.

A bakin ofishin Malam Muktari ta tarar da Amumun a kan benci, rawaninsa ya jiƙe da gumi. Ya tare ta da gurguwar Hausarsa.

"Madam, kai ne ka duba man? Wallahi ban buɗe shi ba."

Ta kasa haɗa ido da shi. Ta ƙwanƙwasa ƙofa.

"Shef, don Allah ka zo ka gani a gilashi."

Muktari ya daɗe yana kallon jan tsinin.

"Wa ya sa iyakar nan?"

"Ni ce."

"Kin san halin da ake ciki kuwa?"

"Na sani, shef."

Ya ɗaga tarho ya ce wa jandarma kada su wahalar da kansu. Sannan ya miƙo hannu, ta ɗora masa makullin labo.

Tana ɗaure jakarta a bakin get Amumun ya cim mata, baki har kunne.

"Madam, ka ji? Shef ya ce mashin ne ya yi ƙarya! Ka gaya masu su canza shi, kafin ya kashe wani."

"Za su canza," in ji Lydia.

Ta tsallaka titi ta tsaya jiran motar ma'aikata, ko da yake da sauran awa uku kafin a tashi.