Tantanin Ƙirjin Liman

Shekara ashirin da biyu Yaya Mainasara yana jan sallah a masallacin unguwarmu a garin Babban Mutum, kuma duk tsawon shekarun nan "ɗan boko" yake kirana, har a gaban 'ya'yana. Amma da zuciyarsa ta kamu aka ce sai Indiya, wa aka nema ya raka shi? Ɗan bokon dai, tunda ni nake jin Turanci.

Kafin aiki likita ya zaunar da ni. Ya ce nan da 'yan shekaru sai an sake buɗe ƙirjin, kuma wajen warkewa tabo kan sa zuciya ta manne da ƙashin ƙirji, ranar buɗewa ta biyu wuƙa tana iya yankarta. Saboda haka za su shimfiɗa wani siririn tantani a tsakani. Na ce da me aka yi shi? Ya ce daga hanjin alade aka sarrafa shi, amma akwai na saniya in za mu jira kwana uku.

Na ce ba sai mun jira ba. Na sa hannu, ban gaya wa Yaya komai ba.

Ya warke sumul. Ranar da muka dawo zaure ya cika da 'yan dubiya, yana kishingiɗe yana ba da labari.

"Shi Maliki ban ga amfanin bokonsa a can ba," in ji shi yana nuna ni, "sai riƙe min jaka."

Aka yi dariya. Wallahi da ya yi shiru, ƙila da na bar shi. Na zaro takardar asibitin na ce bari in fassara wa jama'a irin aikin da aka yi wa Liman. Na bi ta layi-layi a hankali, ban tsallake kalma ko ɗaya ba.

Malam Kalilu, tsohon da ya fi kowa karatu a unguwar, ya ce larura ce, shari'a ta yafe, sallarsa tana nan daram. Kowa ya gyaɗa kai, sai dai mutane suka fara neman takalmansu.

Da aka watse Yaya ya dube ni.

"Ka sani tun a can?"

"Ni na sa hannu, Yaya."

Bayan mako biyu ya lallaɓa masallaci da la'asar, ya tsaya a wurinsa na kullum. Ladan ya sunkuyar da kai, bai tayar da iƙama ba. Muka tsaya jugum, wannan ya yi tari, wancan ya gyara hula. Can Yaya ya ja da baya ya shiga sahu. Na damansa ya matsa, na hagunsa ma ya matsa, aka bar masa fili kamar mai ƙazuwa.

Wani ya taɓa kafaɗata. Na wuce gaba na ja sallar, kuma ban ji tausayinsa ba ko kaɗan. Ina kabbara ina jin numfashinsa daidai bayana.