Allon da Ba a Biya Ba

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Wanda yake rayar da ƙasa da ruwa bayan ta bushe, Wanda ya sanar da ɗan Adam rubutu da alƙalami. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa. Ya Allah Ka daidaita harshenmu a kan gaskiya.

Bayan haka, a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, inda babban kanal ya raba gonakin shinkafa da na tumatir, an yi wani dattijo mai makarantar allo, ana ce masa Malam Iliyasu. A shekarar da wannan abu ya faru, wato dubu biyu da bakwai, ya haura sittin, kuma yawancin yaran unguwa sun koma Islamiyya mai benci da littattafai. Tsofaffin alluna suka taru a taskar zaurensa, gara na neman cin su.

Ɗansa Lukmanu magidanci ne mai 'ya'ya uku, dillalin tumatir. A zirga-zirgarsa ta Kano ya koyi wata sabuwar sana'a: gwanjon intanet. Akan ɗauki hoton kaya a sa a shafi, a yanka masa kwana bakwai, mutanen duniya su yi ta tayi, wanda ya fi kowa a daidai cikar lokaci shi ya saya. Wani abokinsa mai karatu a Ingila ya buɗe masa hanyar karɓar kuɗi. Ya fara da akushi biyu da wani tsohon turkuɗi, suka tafi lafiya. Sai idonsa ya faɗa kan taskar zaure, ya je ya nemi izinin ubansa ya sayar da allunan.

"Kasuwa ce da ba ka ganin mai saye?" in ji Malam. "To, wa kake ce wa albarka in tayin bai yi ba?"

Lukmanu ya yi dariya. "Baba, ai na'ura ba ta san albarka ba. Shiru kawai ake yi, a jira na gaba."

"Ba ka sa abokinka ya taya don ya zuga farashi?"

"Wasu suna yi."

"Kai ba za ka yi ba. Haramun ne a kasuwar Bunkure, haramun ne a cikin gilashin kwamfuta." Sa'an nan ya yarda a ɗauki allunan, da sharaɗi guda: wankakku kawai, waɗanda babu ko wasali a jikinsu.

Ranar da Lukmanu yake fitar da su, ya ci karo da wani ƙaramin allo a saman azara, naɗe cikin tsohon kallabi. Ya warware, sai ga rubutu layi biyar da hannun mai koyo, haruffa suna hawa suna sauka, tawadar ta koma ja saboda daɗewa. Ya fito da shi tsakar zaure.

"Baba, wannan na wane ne?"

Malam ya duba, ya kau da kai. Allon 'yarsa ta fari ne. A al'adar mutanen wurin, uba ba ya kama sunan ɗan fari, ba ya nuna kulawa da shi a gaban jama'a, ko da ƙauna na cin zuciyarsa. Shekara tara da ta yi a duniya bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai "ke" ko "yarinyar nan". Bayan rasuwarta kunyar ta haɗu da ciwo, suka zama shiru mai kauri. Lukmanu, da aka haifa shekara huɗu bayan rasuwarta, abin da ya sani kawai shi ne an yi masa yaya, ruwa ya ci ta.

"Na wata yarinya ne," in ji Malam, ya tashi ya shiga alwala.

Lukmanu ya ɗauka allo ne kamar sauran. Ya ce a ransa zai ɗauki hotonsa haka don ya yi kyau, in ya so a yi maganar wanki daga baya. Ya haɗa shi cikin buhu ya tafi.

Ga yadda abin ya kasance tun farko. Shekara talatin da suka wuce, lokacin ruwan kanal yana sabo, mutane ba su san halinsa ba, yarinyar ta kai ƙarshen surar Tabaraka. A makarantar allo ba a wanke karatu sai ɗalibi ya biya shi a gaban malami, an ce ya yi. Da hantsi ta rubuta layukanta biyar, ta jingine allon a rana, ta zo ta durƙusa ta ce za ta biya. Malam yana tare da baƙi. Ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "Je ki, sai bayan la'asar." Ta ɗauki kwanuka ta tafi bakin kanal. Kafin la'asar an tsamo ta a bakin kwalbati. Allon ya zauna ba a biya ba, saboda haka ba a wanke ba.

Tun ranar da buhun ya bar gidan, Malam ya rasa natsuwa. Da rana tsaka, yana kan hanyar gonarsa, in ruwa ya bi ta ƙarƙashin kwalbati sai ya ji kamar muryar yarinya tana tilawa, tana kaiwa wani wuri ta tsaya, ta koma farko. Ya san ruwa ne. Ya san matattu ba sa dawowa, ya karantar da haka shekaru da yawa. Amma ya daina bin wannan hanya, ya riƙa zagayawa ta gonakin albasa.

A rana ta bakwai matarsa Tambaya, uwar yarinyar, ta shiga share taska. Ta fito da kallabin a hannu, babu komai a ciki. Ba ta yi kuka ba. Ta tsaya a bakin zaure.

"Malam, ina abin da ke cikin nan?"

"Lukmanu ya tafi da shi."

"Ka gaya masa ko na wane ne?"



"Shekara talatin ina shiga ina kaɗe masa ƙura ba ka sani ba," ta ce. "Ni ma ban taɓa kiran sunanta ba. Amma ni ban ba da ita ba."

Kafin azahar Malam ya hau motar Kura, ya sami Lukmanu a shagon intanet, janareta na ruri a waje. Lukmanu ya tarye shi da fara'a, yana cewa wankakkun alluna ba wanda ya kula su, amma ƙaramin nan mai rubutu mutum shida suka yi ta kokawa a kansa, kuma ɗazu lokaci ya cika, wata mata daga wata ƙasa ta Turai ta saye. Ya juyo da fuskar kwamfuta.

Allon ya cika gilashin, ya fi girmansa na gaskiya. Malam ya ga inda alƙalami ya zame mata a layi na uku ta goge da yatsa. Shatin yatsan yana nan, ƙarami, da zanensa. Bai taɓa lura da shi ba, domin bai taɓa iya duban allon da kyau ba. Mai shago ya turo masa kujera, ya zauna.

"Na yayarka ne," ya ce.

Lukmanu ya dafe kai. "Inna lillahi! Baba, na tambaye ka fa."

"Ka tambaye ni. Laifin nawa ne."

"To a fasa. Sai in rubuta mata cewa ya karye a hanya. Haka ake yi. In na ce na fasa haka kawai, za ta sa mini baƙin tambari a shafina, kuma sabon mai sayarwa da tambari irin wannan ya gama yawo."

Malam ya girgiza kai. Ciniki ya riga ya faɗa, kuma bai ga yadda zai fanshi ayoyin Allah da ƙarya ba. Bai kuma ga yadda zai sa su a akwati zuwa gidan da bai sani ba, a rataye su ado, hannu kowane iri ya taɓa. Ya ce akwai hanyar da shari'a ta buɗe, ita ce iƙala, wato mai sayarwa ya roƙi mai saye ya warware cinikin don kansa, ba tilas.

"Rubuta," ya ce. Yana faɗa da Hausa, Lukmanu yana juyawa zuwa Turanci. "Ki sani allon nan na 'yata ne. Ta rubuta shi ranar da ta rasu. An sa shi a gwanjo saboda na kasa buɗe baki in faɗi haka. Ciniki ya tabbata, haƙƙinki ne. Ina roƙo ki warware. In kin ƙi, itacen naki ne, zan aiko, amma sai na wanke shi, domin abin da ke rubuce ba nawa ba ne balle in sayar, kuma za a mayar miki da kuɗinki."

"Baba, wannan ai ya fi ƙaryar haɗari."

"Aika."

Kwana uku babu amsa. Lukmanu ya dawo da allon gida, aka naɗe shi aka ajiye, amma Malam bai taɓa shi ba, domin a ganinsa yanzu kayan wata ne. Tambaya tana kawo abinci ta ajiye ta fita. Ruwa kuwa bai daina tilawarsa ba. Har daga cikin zaure Malam yana jiyo shi in an sako wa masu tumatir ruwa.

A rana ta huɗu suka koma shagon. Amsa ta zo, gajeriya. Lukmanu ya karanta a hankali, yana fassarawa: matar ta ce ta warware, ba za ta sa wani tambari ba. Ta ce kwana bakwai tana duban hoton, shatin yatsan nan ne ya sa ta nace, ba ta san dalili ba. Ta adana hoton a wurinta, in babu laifi. Abu ɗaya take roƙo: a gaya mata sunan yarinyar.

Lukmanu ya ɗora yatsunsa a kan madannai ya tsaya. Bai san abin da zai rubuta ba. Ya dubi ubansa.

Shagon cike yake da samari, kowa da abin da ya dame shi. Malam ya buɗe baki, ya rufe. Sunan da shi da kansa ya raɗa mata a kunne, shekara talatin da tara bai sake fita daga bakinsa ba. Ya ji shi da nauyi kamar dutsen niƙa.

"Muhsina," ya ce. Muryar ba ta fita ba. Ya sake: "Muhsina sunanta."

Lukmanu ya rubuta, hawaye na ɗiga a kan hannunsa.

A mota Malam ya yi ta tunani. Allon ya dawo hannunsa, yana iya mayar da shi saman azara. Amma ya ga abin da shiru ya jawo tun yana raye. In shi da Tambaya suka kwanta dama, wani jika zai sake warware kallabin ya tambaya, ba mai amsawa.

Da aka idar da la'asar ya shimfiɗa buzu a tsakar gida, ya kira Tambaya da Lukmanu da matarsa da 'ya'yansu. Ya ɗora allon a cinyarsa. Ya gaya musu ko na wane ne, da sunanta, da abin da ya ce mata a wannan hantsi. Sa'an nan ya bi layukan biyar da yatsa, ya karanta su da irin sautin yara, yana tsayawa inda take tsayawa. Da ya kai ƙarshe ya yi shiru, kamar yadda malami yake yi in ɗalibi ya gama.

"Ya yi," ya ce. "Je ki wanke."

Tambaya ce ta kawo ƙwarya da ruwa. Tawadar ta yi taurin kai, sai da aka jiƙa aka jira. Layi na ɗaya ya tafi, na biyu ya bi shi. Da aka zo shatin yatsan, hannun Malam ya tsaya. Tambaya ta ɗora nata a kan nasa, suka goge tare. Ta ɗaga ƙwaryar ta sha, ta miƙa masa ya sha sauran.

Washegari ya bi ta hanyar kwalbati. Ruwa na gudu, ruwa ne kawai. Sai dai har ƙarshen ransa yakan ce akwai abin da bai wanku ba: hoton nan da ke wata ƙasa, layi biyar da ɗan yatsa, inda ƙwarya ba ta kaiwa. Yakan roƙi Allah Ya sa idon da zai dube shi ya dube shi da ladabi.

Ya Allah Ka ji ƙan Muhsina da iyayenta, da duk wanda ruwan nan ya ci, da malamanmu da suka riga mu. Ka haskaka kaburburansu da hasken abin da suka karanta. Wanda ya karanta wannan kuwa, Ka buɗe bakinsa ga nasa tun suna jinsa, Ka sa ya cika da imani. Amin.