Albasar Malam Simeon

Abin ya faro ne daga doya. Malam Simeon, mutumin Kagoro da ke koyar da lissafi a wata sakandare a Goronyo, shi ne ya yi wa'azi ranar bikin godiya na ƙaramar majami'arsu. A nan wajen, sai watan Maris suke yin godiyar, lokacin da amfanin noman rani ke shigowa. Ya tsaya ya gyara tabarau ya ce Allah da ya yi mutum, gona ya fara ba shi, ba kujera ba. Ya ce Kirista da ba ya zufa bai gama gane nufin Ubangiji a kansa ba. Aka yi ta amin. Da aka zo miƙa kayan godiya sai ya ajiye doya uku manya-manya.

Matarsa Magdalene, wadda ke aikin jinya kuma ba ta iya raɗa ba, ta juya wajen maƙwabciyarta ta ce, "Zufar da ya yi kan doyan nan, ta ɗaukowa daga kasuwa ce." Har fasto sai da ya rufe baki da littafin waƙa.

Malam Simeon ya miƙe. Ya ce ikilisiya ta shaida, baɗi war haka zai kawo kwandon albasa da hannunsa ya noma, in ba haka ba kar a sake ba shi wa'azi. To, mutumin nan da a hana shi wa'azi gara a hana shi tuwo.

Da damina ta wuce ya je Taloka wurin Baba Lauwali, tsohon manomin fadama wanda Magdalene ta taɓa yi wa jinyar ƙafa. Tsoho ya kama tafin hannunsa ya juya shi kamar mai duba kifi.

"Malam, hannunga na alli na. Mi kaka so da albasa?"

"Baba, alkawari na yi a gaban Allah da jama'a."

"To, ga hwangali shida, ga kalme. Amma abin da nic ce, shi za ka yi."

Baba ya nuna masa 'yan filayen ban-ruwa guda shida, ya miƙa masa fartanyar. Gaskiya dai a faɗe ta, Malam ya yi aiki. Kullum aka tashi makaranta sai ya hau babur ya nufi fadama, ya naɗe wando. Ya yi dashe a duƙe har bayansa ya ƙi miƙewa. Ya cire ciyawa, ya zuba taki, ya ja tiyon injin Baba daga fangali zuwa fangali. Hannunsa ya yi bororo, ya fashe, ya yi kanta. Da daddare Magdalene kan shafa masa man zafi tana cewa, "Baban Winnie, ashe kana da ƙashin baya? Shekara goma sha biyar ban sani ba." Shi ko sai nishi. Lawashi ya tashi kore shar, har ya fara ɗaukar hotonsa a waya yana tura wa 'yan'uwa a gida.

Saura mako uku godiya, ya zo da yamma ya tarar da abin da bai taɓa zato ba. Baba Lauwali ne a tsakiyar albasarsa, yana bi yana take ganyen da ƙafa, yana kwantar da shi ƙasa. Tiyo kuma an naɗe an ɗauke.

"Baba! Me na yi maka?"

"Mi ka yi mani? Ba komi. Albasa ta ƙosa. Daga yau ba ta shan ruwa."

"A wannan rana? Za ta mutu!"

"Bari ta ji ƙishi, Malam. Ƙishin shi ka sa ta ƙarhi."

Malam Simeon ya koma gida yana ta magana shi kaɗai a kan babur. A garinsu, inda ake noman citta da ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, wa ya taɓa jin an hana shuka ruwa da gangan? Ya ce wa Magdalene tsufa ya fara taɓa Baba. Ta ce, "Shi da ya shekara hamsin a fadama, kai da ka yi wata huɗu." Bai ji ba.

Washegari da sassafe, kafin Baba ya fito, ya ɗauki bokiti biyu ya tafi. Ya yi dabara irin ta malaman lissafi: fangali uku a bar wa Baba da ra'ayinsa, uku ya cece su. Kwana tara yana jigilar ruwa daga magudana, sahu ashirin kowace safiya, yana waƙar yabo, yana tattayar da ganyen da yatsa. Bai taɓa wahala irin ta kwanakin nan ba. Baba ya ga ƙasa jiƙe tun ranar farko, ya girgiza kai, ya wuce abinsa.

Ranar tono, suka fara da fangalin Malam. Albasa ta fito ƙatuwa, ya ɗaga ta yana murmushi, sai babban yatsansa ya nutse a wuyanta. Wari ya taso. Ta biyu haka, ta goma haka. Baba ya toshe hanci.

"Wagga ta sha ruwa har ta gode. Tahi can ka tona na tsohon da ya ruɗe."

Suka matsa. Ta fangalin Baba ja jawur, ɓawo a bushe yana ƙaras-ƙaras, tauri kamar dutse. Aka zuba a kwando, da kyar ta kai baki. Magdalene ta ce in an shimfiɗa ɗan tsumma a ƙasa za ta yi tozo. Malam ya ce a'a, ya gama da irin wannan tun kan doya.

Ranar Lahadi ya shiga majami'a da kwando a kai, kamar mai talla, mata suna guɗa. Ya sauke a gaban bagade, sannan ya zaro wani ƙullin leda daga aljihu ya kwance. Layin gaba duk suka ja baya.

"Wannan ruɓaɓɓiyar," in ji shi, "ta fi kowace cin zufata. Na yi mata aiki, amma da kunne a toshe. Waɗancan kuma na yi aiki, na kuma ji maganar wanda Allah ya ajiye mini a bakin gona. Ku zaɓi wadda za a kai wa Ubangiji."

Fasto ya ce a fitar da ledar tukuna, sannan Malam ya ci gaba da wa'azinsa.

Da yamma ya koma Taloka mayar da kalme. Ya ce baɗi fangali goma sha biyu yake so. Baba Lauwali ya karɓi hannunsa ya shafa kantar, ya miƙa masa kalmen ya koma da shi.

"Shida dai, Malam. Kuma bokitanga naka, ka baro su wurin uwar ɗiya."